Kwanan Wikki

Daga garin Bauchi zuwa Wikki, masaukin baƙi da ke can cikin dajin Yankari, tafiya ce ta kilomita 110 da 'yan kai. Hanyar Gombe ake bi har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, a karya dama a miƙe sai ƙauyen Mainamaji, a nan babbar ƙofar dajin take. Mutane da yawa suna ɗauka da an ga ƙofa an iso. Akwai sauran wajen kilomita 40 a gaba, cikin daji, kuma ba hanyar gudu ba ce, don dabba tana iya fitowa ta tsallaka a kowane lokaci. Direba shi kaɗai a mota zai iya cinye tafiyar nan cikin awa biyu. Mai iyali kuwa sai ya ninka lissafi: a tashi yara, a yi musu wanka, a karya kumallo, a nemo takalmin da ya shige ƙarƙashin gado, a tsaya shan mai, a tsaya a ƙofa a rubuta suna a biya kuɗin shiga. Iyalin da suka kwana a Bauchi da niyyar sammako, da wuya su ga rufin ɗakunan Wikki kafin rana ta yi zafi.

A lokacin kuwa motar da ke fita da baƙi zagayen safe ta daɗe da dawowa. Ɓauna da gwanki sun shige inuwa, giwa ta nutsa cikin kurmin bakin kogi. Na sha zama a gindin bishiya a Wikki ina kallon irin waɗannan iyalai suna saukowa daga mota a gajiye, ƙananan yara na kuka, uwa na neman inda za ta shimfiɗa tabarma. Su ci abin da suka zo da shi, yara su faɗa ruwa, a ɗauki hotuna. Akwai wata fitar da la'asar, amma sai maigida ya dubi agogo ya yi lissafi: in aka shiga daji yanzu ba za a fito ba sai gab da magariba, ga hanyar Bauchi cikin duhu, ga mata ga yara. Sai ya ce a tattara. Su koma gida, duk wanda ya tambaye su yaya Yankari, su ce ai babu komai sai birai. Ba kuma ƙarya suka yi ba, abin da suka gani ke nan. Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗin mai sun kashe, kuɗin otal a Bauchi sun biya, wahalar hanya sun sha, abin da ya rage musu kaɗai su kwana a inda ya dace.

Tun manyan yarana suna firamare nake kai iyalina dajin nan, yau ga wasunsu sun fi ni tsawo. In na waiwayi shekarun, abin da na fi amfana da saninsa shi ne wurin kwana ake fara tsayar da magana a kansa, sauran shiri ya biyo baya. Na kuma gane abin da ya sa hakan ke mana wuya. Tafiyar da muka saba yi da iyali ta biki ce, ko suna, ko ta'aziyya, ko ziyarar dangi. A irin wannan tafiya masauki yana jiranmu tun ba mu taso ba. Ɗakin baƙi ne, ko shagon samari, ko ɗakin inna, ba wanda ke tambayar inda zai kwana. Shi ya sa muke barin zancen masauki sai ƙarshe, muna kuma ganin kuɗin ɗaki asara ce da ya kamata a rage ta iya raguwa. A dajin namun daji ba ka da ƙanin uba da zai tarbe ka, kuma tazarar da ke tsakanin gadonka da bakin kogi ita ce za ta ce ga abin da yaranka za su gani.

Dalilin a fili yake. Naman dawa da sanyin safiya yake kiwo, da kuma yamma in rana ta yi sanyi. Kogin Gaji, wanda ya ratsa dajin, ba ya ƙafewa ko da rani, saboda haka in ruwa ya ƙare a sauran wurare sai dabbobi su gangaro kwarinsa. Hanyoyin zagayen ma gefensa suka bi. Wanda ya iso Wikki da azahar ya kwana biyu, yana da fitar la'asar ta ranar, yana da ta safe da ta yamma washegari, yana kuma da safiyar ranar komawa. In giwa ta ƙi fitowa yau, gobe ma rana ce.

Giwar kuma tana ƙin fitowa. Faɗin dajin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne, giwayen da suka rage a ciki ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, kuma garke-garke suke tafiya, ba a warwatse ba. Duk da haka suna cikin mafiya yawan da suka saura a Najeriya baki ɗaya. Zaki ya fi haka wuyar gani. 'Yan kaɗan ne, kuma Yankari na cikin wurare ƙalilan da irin zakin Afirka ta Yamma ya rage. Raƙumin dawa kam ya ƙare a dajin. Ina roƙon iyaye su faɗa wa yara wannan tun a gida. Yaron da aka yi wa alkawarin zaki zai wuni yana raina ɓauna da dorina da kada, ya koma gida yana jin an yaudare shi. Wanda aka ce masa za mu je mu nema, in Allah ya sa mu dace, shi zai zama mai ido a motar, shi zai fara hango mazo a cikin ciyawa ya taɓa kafaɗar ubansa.

Bayan masauki sai lokaci, kuma a nan ne hutun makaranta ke ruɗar mutane. Dogon hutu yana faɗowa tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Daji ya yi kore shar, gwanin ban sha'awa, amma ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ya samu a kowane kwari, dabbobi sun watsu, wasu hanyoyin kuma sun yi taɓo. Mai son tsuntsaye zai ji daɗi, don dajin na da nau'insu fiye da 350, amma yaro ɗan shekara bakwai giwa ya zo gani. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne ciyawa ke bushewa ido ya yi nisa. Hutun Disamba yana da sanyi mai daɗi, sai dai cunkoso: tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ɗakuna kan cika, haka ma kwanakin bikin Sallah. Maris da Afrilu sun fi kowane lokaci ganin dabbobi, su ne kuma suka fi zafi, zafin da sai an yi tunani kafin a kai jariri ko tsoho cikinsa. Ni dai makon farko na Janairu na fi so in makaranta ta ba da dama, ko wani ƙarshen mako a Fabrairu. A kuma duba kalandar Musulunci tun da wuri, don a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai cikin watannin nan, yana kuma matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara.

Na san abin da mai ƙaramin albashi zai ce, don ni ma shi ne: ɗaki a cikin daji ya fi na gari tsada. Sau da yawa haka ne. Amma a haɗa lissafin duka. Wanda ya kwana a Bauchi yana son shiga dajin kwana biyu a jere zai yi tafiyar kilomita 110 sau huɗu, da man yau, da gajiyar yara. In kuɗin ba su kai ba, gara a rage yawan kwanaki a yi su a Wikki, ko a ɗaga tafiyar zuwa baɗi a riƙa ajiye ɗan abin da ya samu, ko a haɗu da gidan wa ko ƙane a yi mota ɗaya. Ɗakunan ma mataki-mataki ne, daga manya masu falo zuwa ƙanana, har da ɗakin kwanan ɗalibai. Ba dole sai na sama ba.

Akwai wani kuɗin da magidanta ke saurin yankewa wanda nake ganin bai kamata a taɓa shi ba, wato kuɗin abinci. In aka ɗora risho da tukwane da buhun shinkafa a bayan mota, uwargida ta tashi da asuba tana dahuwa, ta wanke kwanuka, ta sake ɗora tukunya da rana, to kowa ya je hutu ban da ita. Mu abin da muka saba shi ne guzurin da ba ya lalacewa: dambun nama, kilishi, soyayyen naman kaza, burodi, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, dabino, kayan shayi da filas, ruwan sha mai yawa. Sauran a saya a ɗakin cin abinci na masaukin. Maman yara ce ta tsara mana wannan, kuma tun da aka fara shi take zama a motar zagaye da mu har a dawo, ba ta tunanin wata tukunya.

Kafin a biya kuɗin kowane masauki na daji, a nan ko a wani wuri, a kira a yi tambaya, kar a dogara da hoton da aka gani a waya. Awa nawa ake ba da wuta, ruwa yana zuwa banɗaki, akwai gidan sauro ko raga a taga, ɗakin cin abinci yana aiki a ranakun, ƙarfe nawa motar zagaye ke tashi, mutum nawa take jira kafin ta tashi. In za ka samu wanda ya je a cikin watan, maganarsa ta fi ta wanda ya je bara. A riƙe tsabar kuɗi, don layin waya a daji ba abin dogaro ba ne. A cika tanki a Bauchi. A tafi da maganin zazzaɓi, da gishiri da sukari na gudawa, da duk maganin da tsoho ko mai asma ke sha kullum, saboda asibiti yana da nisa. Ga kuma tsando a kwarin kogi, cizonsa da zafi, yana bin baƙin kaya da shuɗi. A sa wa yara riga mai dogon hannu, mai hasken launi.

Abin da ke fara tarbar baƙo a Wikki gwaggon biri ne. Suna yawo tsakanin ɗakuna da 'ya'yansu a baya, sun san leda, sun san kular abinci, sun san ƙofar motar da aka bari a buɗe. Mugun dawa ma yana nan, ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana kiwo a gaban ɗakinka. Yara kan yi murna su so miƙa musu biskit. A hana su, da gaske. Babban namijin gwaggon biri yana da fiƙa da ƙarfin da zai ji wa yaro mummunan rauni, kuma ba da abincin ne ke koya musu ƙwace. A kulle ƙofa da taga ko da fita ta minti ɗaya ce, a ci abinci a ɗaki, kar ƙaramin yaro ya fita da komai a hannu.

Sai ruwan Wikki, wanda shi kaɗai ma ya isa dalilin kwana. Ana gangarawa ne ta matakala daga masaukin zuwa wani kwari mai manyan itatuwa. Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, kamar ruwan da uwa ta sirka wa jariri. Kusa da dutsen zurfinsa ya kusa mita 2, ya sha kan mutum, amma in aka biyo shi ƙasa sai ya yi ta raguwa har inda ƙaramin yaro zai tsaya. A nan ya kamata yara su tsaya, kuma babba yana tare da su a cikin ruwan, ba a bakin gaɓa yana duba waya ba.

Da rana, musamman ranar hutu, wurin na samari ne da ɗaliban da suka zo yawon buɗe ido a manyan motoci, ana iyo ana ihu ana ɗaukar bidiyo. Matar aure ko budurwa mai kunya ba za ta shiga ba, kuma tana da gaskiya. Na ga mata da yawa sun zo daga nesa sun zauna a kan dakali da mayafinsu suna tsaron takalma, har aka tashi ko ƙafa ba su tsoma ba. Wanda ya kwana yana da abin da baƙon yini ba shi da shi. Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, babu kowa. Cikin hunturu iska na da sanyi, ruwan na fitar da tururi. A wannan lokacin ne maman yara da 'yan matanmu ke shiga da dogayen kayansu, ni da samarin muna can saman matakala muna tsare hanya, in wani ya taho mu roƙe shi ya ɗan dakata, ban kuma taɓa haɗuwa da wanda ya ƙi ba. Sai sun fito mu shiga. Babbar 'yata a nan ta koyi iyo, abin da a cikin gari ba ta da inda za ta koya. Wannan sa'a guda ta safiya ba a samunta da kuɗin shiga. Sai da kwana.

Tafiyar da na fi tunawa ita ce wadda muka yi da Hajiya, mahaifiyata. Da farko ta ƙi, ta ce me za ta je yi a daji, ita da ta girma tana jin kukan kura a bayan danga. Jikokinta ne suka yi ta magiya har ta yarda. Saboda ita muka canza tsarin tafiyar: muka nemi ɗakin da ba shi da nisa da inda mota ke tsayawa, muka bar fitar la'asar ga yara, ita ta safe kawai take bi, aka sa mata matashi a kujerar gaba saboda gargadar hanya. Matakalar Wikki ma a hankali aka sauko da ita, jika a dama jika a hagu. Tun daga nan na riƙe cewa wanda ya fi kowa rauni a cikin ayari shi ake auna tafiya da shi, tsoho ne ko mai ciki ko na goye.

Abin da ban zata ba shi ne ita ce ta zame mana jagora ta biyu. Mota na tafiya a hankali, ma'aikacin da ke rakiyarmu yana neman dabbobi, ita kuwa itatuwa take kallo. Ta nuna kawo, ta nuna marke, ta nuna taura da taramniya, ta ce wa yara wannan saiwarsa ake jiƙawa, wancan da itacensa ake ƙotar fartanya, wancan 'ya'yansa muke tsinta in mun je itace. Muka zo wani babban maɗaci ta ce, “Ɗan nan, tsaya mini.” Ma'aikacin ya sa direba ya tsaya. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce rabonta da ganin maɗaci mai wannan kauri tun kafin aurenta, na garinsu duk an sare an yi katako da gawayi. Ma'aikacin ya ce, “Hajiya, ai da ba a killace nan ba, da shi ma ya tafi.” Yaran nan sun san sunayen dabbobin Kenya da Tanzaniya daga talabijin, amma itacen da ya ciyar da kakanninsu ya kuma yi musu magani, sai a ranar suka ji sunansa daga bakin wadda ta san shi.

A wannan fitar ba mu ga giwa ba. Mun dai tarar da inda garke ya ratsa hanya da dare: rassa a kakkarye, kashinta bai gama bushewa ba, sawu a kan yashi. Ma'aikacin ya duba ko'ina, sannan ya yarda autarmu ta sauko. Ta sa ƙafafunta biyu a cikin sawu ɗaya, da sauran wuri. Ta ɗago ta ce, “Abba, tana kusa?” Ma'aikacin ya ce mata sun gangara ruwa, wataƙila da yamma su fito. Da la'asar suka fito ɗin kuwa, a tsallaken fadama, manya da ƙanana, muka kashe mota muka yi shiru. Hajiya tana ɗaki, sai labari ta sha da daddare daga bakin yara, kowa na katse ɗan'uwansa.

Yini na biyu yana buɗe wani ɓangaren dajin da baƙon gaggawa ba ya ko jin labarinsa. Yau babu ƙauye a cikin Yankari, amma mutane sun zauna a nan da can. Akwai rijiyoyin Dukkey, fiye da 100, da aka haƙa cikin dutse don tara ruwa, ana danganta su da zangon ayari a zamanin cinikin bayi. Akwai kogunan dutse guda 59 da aka fafe da hannu a jikin tsauni, ana kiransu da sunan P.J. Marshall, wanda ya bayyana su a 1980, ana kuma kyautata zaton mafaka ce ta mutanen da ke gudun mahara. Akwai kufan wuraren narkar da tama, inda maƙeran da suka riga mu suka fitar da ƙarfe. A cikin masaukin ma akwai ɗan gidan tarihi mai fatu da ƙasusuwa da tarkuna da makaman da aka karɓe daga maharba. Zuwa waɗannan wurare sai da ɗan rakiya da mota mai ƙarfi, sai kuma an yi magana tun daren jiya.

An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a Disamban 1962. A 1991 ya shiga jerin gandayen daji na ƙasa a ƙarƙashin gwamnatin tarayya, a 2006 kuma ya koma hannun jihar Bauchi. A 2014 ƙungiyar WCS ta Amurka, mai kare namun daji, ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar kan tsaronsa. Masu gadin dajin kan yi kwanaki a ƙafa suna sintiri, akwai kuma waɗanda maharba suka kashe a bakin aiki. A ɗaya gefen ga manoman ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda giwa kan fita ta cinye musu gona a dare ɗaya, noman shekara guda. Ina gaya wa yarana wannan ma, don kar su ɗauka giwar da suka yi wa tafi kowa ke murna da ita. Baƙon da ya kwana, ya ci abinci, ya sallami ɗan rakiya da kyautatawa, ya tsaya a Mainamaji ya sayi abin da ake sayarwa, ya bar wani abu a hannun mutanen da ke ɗauke da nauyin dajin. Wanda ya shigo da kularsa ya fita da la'asar, kuɗin ƙofa kaɗai ya bari.

Garin Bauchi yana da nasa gurbin a tafiyar, wato daren farko. Mai tasowa daga Kano ta Birnin Kudu da Ningi yana da wajen kilomita 300 a gabansa. Na Kaduna da Abuja ta Jos sun fi haka. Kar a ce sai an haɗe da Wikki a rana ɗaya da yara a mota. A sauka a Bauchi da rana tsaka, a huta, a kai yara kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa su ga kayansa da aka adana, su ji yadda aka kashe shi a Janairun 1966. Da safe a ci masar Bauchi, a yi cefanen ƙarshe, a kama hanya ba gaggawa, a isa Wikki da azahar, a ajiye kaya, a tari fitar la'asar.

Masu tambayata sauran gandayen daji, amsar takan zo da nauyi. Kamuku a Birnin Gwari da dajin tafkin Kainji sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, haka gandun W na Nijar da ke kan iyakar Benin da Burkina Faso. Ba zan ce wa kowa ya kai iyali can ba sai al'amura sun daidaita. Gashaka-Gumti, a Taraba da Adamawa, shi ne mafi girma a Najeriya, a nan dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar, amma tafiyarsa ta ƙafa ce da hawa da ƙetare rafuka, daga Serti ake shirya ta, ta dace da matasa masu ƙarfi. Yankarin ma ba a tafiya da ka. Wasu sassan ƙaramar hukumar Alkaleri sun ga hare-hare, saboda haka a kira masaukin a tambayi lafiyar hanya a makon tafiya, a gaya wa wani ɗan'uwa inda aka nufa da ranar dawowa, kuma kar a yi tafiyar dare ko da ta awa ɗaya ce.

Ranar komawa, masu bin hanyar Kano suna da tsayawa biyu da suka cancanci a tashi da wuri dominsu. A ƙaramar hukumar Ganjuwa akwai dajin Sumu, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da wasu dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. Wuri ne ƙarami, ganinsu ba ya wuya, ya cike wa yara abin da Yankari ba ta da shi. A Kafin Madaki kuma akwai tsohon gidan Madaki, ginin Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, gidan kuma bakan gizonsa na ƙasa har yau a tsaye yake. Wanda ya bar Wikki da ƙarfe bakwai na safe zai iya tsayawa a ɗaya daga cikinsu a natse, ya yi azahar da la'asar a Ningi, ya shiga Kano kafin magariba. Mai son duka biyun sai ya ƙara dare ɗaya a Bauchi.